Yadda ɗan gwangwanin fentin alli ya ishi tsohuwar durowata

Gwangwanin da na samu, mililita 120 aka rubuta a jikinsa, tafin hannuna ma yana rufe shi. Durowar gefen gadona kuwa ta sha jiki: samanta duk tabon gindin kofi, gefenta ya koɗe. Da na ɗora gwangwanin a kanta sai da na yi dariya. Amma ya isa, har da ɗan saura.

Fentin alli da ruwa ake sirka shi, in ya bushe ba ya ƙyalli, kana shafa shi ka ji kamar allin makaranta. Annie Sloan, wata ƙwararriyar mai fenti, ce ta fito da nata a Ingila a 1990, kamfaninta kuma ya ce lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 13. Ke nan ɗan gwangwanina murabba'in mita ɗaya da rabi zai ci, a shafa ɗaya, alhali shafa biyu ake so. Don haka awo shi ne aikin farko. Da na auna na ga ba zai kai ko'ina ba, sai na haƙura da bayan durowar da cikinta, waɗanda ba mai gani. Samanta ma na bar shi a katakonsa, na goge tabon kawai. Ni a ganina ya fi kyau hakan.

Kwance mariƙai, ka zuba sukurorinsu a wuri ɗaya. Wanke katakon da sabulu da ruwan ɗumi, musamman inda hannu ke yawan taɓawa, don maiƙo shi ke hana fenti kamawa. Bar shi ya bushe sarai. Za ka ji ana cewa wannan fenti ba ya buƙatar sanfefa. Gaskiya ne a mafi yawan kaya, amma in jikin yana santsi kamar madubi, ɗan bi shi sama-sama da mai lamba 220. In kuwa daɗaɗɗen fenti ne a jiki, kada ka kankare, don wasu na da can akwai dalma a ciki, ƙurarta guba ce.

Gwada a wani lungu tukuna. Jan katako irin maɗaci yakan fitar da launinsa ta cikin fentin, ka ga ja-ja ko rawaya yana ɓullowa. In ka ga haka, shafa shelak, wato wani man katako da ke hana launin fitowa, kafin ka ci gaba. Ƙarin fenti ba ya maganinsa, asara ce kawai.

A wurin shafawa ne ake cin riba ko a yi ɓarna. Juya fentin sosai, domin allin yana kwanciya a ƙasa. Kada ka tsoma burushi cikin gwangwani. Ɗebi cokali biyu a wani murfi, ka rufe gwangwanin nan take, don iska na sa shi kauri. Jiƙa burushin ka matse, ka taɓa fentin da bakinsa kaɗai, ka ja shi har sai ya ƙare kafin ka ƙara.

Shafar farko muni gare ta, duk zane-zane, katako na leƙowa. Nan na yi kuskure: na koma ina gyara inda ya fara shan iska, burushin ya kwaso fentin ya bar gurbi. Ƙyale shi kamar awa ɗaya. A shafa ta biyu ka ɗiga ruwa kaɗan a murfin har fentin ya saki jiki, za ka ga ya toshe duk kafofin, kuma bai ci rabin na farko ba.

Saura shafa kaki a kan fentin bayan ya bushe, wanda in babu shi jiƙaƙƙen hannu ma sai ya bar shaida. Lakato kaɗan da tsumma marar gashi, ka murza yanki-yanki, ka share abin da ya yi yawa. In wuri yana danƙo, kakin ne ya yi yawa a wurin. Washegari ka goge da busasshen tsumma. Kakin yakan kai kwana 21 kafin ya yi ƙarfi sosai, shi ya sa fitilata ta yi mako uku a ƙasa kafin ta koma mazauninta.