Ga masu zuwa Kruger kallon namun daji

Salamu alaikum 'yan uwa mutanen Zariya. Duk wanda tafiya ta kai shi Afirka ta Kudu yana son shiga gandun Kruger da motar haya, don Allah ku shiga da sassafe ana buɗe get, da rana ta take zakuna duk sun kwanta a inuwa, haka za ka yi ta ƙona mai a banza. Gudu kada ya wuce kilomita 50 a kwalta, 40 a burji. Kada kowa ya sauka daga mota don ɗaukar hoto, sallah ma a bari sai an isa sansani mai shinge. In giwa ta tare hanya, musamman mai ɗa, a ja baya a hankali, ban da hon wallahi. Gogon biri kuwa ɓarawon abinci ne, ku rufe gilashi.