Yadda Ake Neman Furen Snowdon a Duwatsun Wales

Furen da ake kira lilin Snowdon (Snowdon sunan wani tsauni ne a Wales), wanda masana tsirrai suke ce wa Gagea serotina, yana tsirowa a tsaunukan Alps da Rocky da arewacin Asiya, amma a duk faɗin Birtaniya ba a samunsa sai a wasu 'yan tsirarun duwatsu na yankin Eryri da ke arewacin Wales, inda ya yi saura tun zamanin da ƙanƙara ta rufe ƙasar. Masanin tsirrai Edward Lhuyd ne ya gano shi a can a ƙarshen ƙarni na 17.

Wanda yake son ganinsa ya fara daidaita lokacin tafiyarsa, domin yana fure ne daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni kawai. Idan lokacin ya wuce, babu abin da ke saura sai ganye sirara kamar na albasar da ta fara tsirowa, waɗanda ko gwani zai iya ɗauka ciyawa ce.

Wuri mafi sauƙin zuwa shi ne kwarin Cwm Idwal, wanda aka keɓe don kare halittu a 1954. Ana tashi da ƙafa daga Ogwen a bakin hanyar A5, a bi gefen tafkin Idwal har gindin duwatsu. A nan sai a ɗaga kai a riƙa duban tsagar duwatsun da ke fuskantar arewa, masu sanyi da damshi, inda rana ba ta cika sauka ba, bakin tumaki kuma ba ya kaiwa. Tsiron bai fi santimita 15 ba, furensa fari ne mai kunnuwa shida da jijiyoyi ja-ja, kuma a kowace shekara kaɗan ne daga cikin tsirran suke fure, saboda haka sai an yi haƙuri. Madubin hangen nesa ya fi kowane kaya amfani, sai rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa.

Kada a hau dutsen don a matso kusa da shi. A 1861 wani ɗan jagora mai suna William Williams ya faɗo daga dutsen Clogwyn y Garnedd ya rasu yana neman tsirrai, alhali ya san duwatsun kamar tafin hannunsa. Tsinke furen ko tono albasarsa laifi ne a dokar kare namun daji da karkara ta 1981, kuma ya kyautu wanda ya ɗauki hoto kada ya bayyana ainihin tsagar da ya gan shi a intanet.