Kurakuran da anka fi yi wajen haɗa farfelar jairofilen da kula da ita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce ƙanen wani abokina ya matsa mini sai na je na ga jairofilen, wani ƙaramin jirgin sama mai babbar farfela a kai, da shike haɗawa bayan shagon waldarsu nan cikin garin Sakkwato, na tafi bayan la'asar, kuma wallahi yaron ya burge ni, firam tsaf, kujera, taya uku, inji a baya da 'yar farfela mai turawa. Amma da na ɗaga kai na dubi babbar farfelar sama sai gabana ya faɗi. Lokacin da nike kwas a waje na yi watanni ina taya masu irin wanga jirgi aiki, na ga yadda suke lallaɓa farfelar nan kamar jinjiri, shi ya sa na ce bari in rubuta, don na san ba shi kaɗai ba ne. Tun 2007 da Mubarak Muhammad Abdullahi ya haɗa helikwafta da injin mota a Kano matasanmu ke ta gwadawa, kuma ni ina son su ci gaba da gwadawa, amma da ransu.

Kuskuren farko a kai shike, ba a hannu ba. Da yawa sun ɗauka jairofilen ƙanen helikwafta ne. A'a. Helikwafta inji ke juya farfelarta tana danna iska ƙasa. Jairofilen kuwa idan shina sama babu abin da ke juya babbar farfelar sai iska, injin baya na tura jirgin gaba, farfelar ta ɗan kwanta baya, iska ta shigo ta ƙasanta ta fita ta sama, ita ke juya ta. To wanda bai gane wannan ba sai ya karkata fikafikan sosai kamar na fankar silin wai don su kamo iska da yawa. Abin da yaron nan ya yi ke nan, da ido ma ina ganin karkatar. Karkatar da ake so 'yar kaɗan ce, digiri ɗaya da rabi zuwa biyu da wani abu gwargwadon irin fiffiken, idan ta yi yawa farfelar ba za ta ɗauki gudu ba, ko ta ɗauka ta riƙa raguwa, kuma farfelar da ta rage gudu a sama babu injin da zai taimake ta. Gyaran shi ne ma'aunin kusurwa na dijital, a auna fiffike biyun a wuri guda daga tsakiya, a bi lambar da mai zanen ya rubuta ba ƙari ba ragi.

Na biyu, ya ɗaure farfelar kam a jikin ƙarfen da ke ɗauke da ita. Ya ce mini yaya ai don kada ta yi rawa ne. Na ce ƙanena ai rawar nan ita ce rai. Idan jirgi na tafiya gaba, fiffiken da ke fuskantar iska ya fi wanda ke komawa baya samun ɗagawa, idan babu inda za su sassauta sai jirgin ya kife gefe ɗaya. Wagga matsala ita ta dami Juan de la Cierva ɗan ƙasar Sifaniya wanda ya ƙirƙiro jirgin, na farkonshi sunka ƙi tashi, sai da ya sa wa fikafikan mahaɗa mai barinsu su yi sama da ƙasa sannan na huɗu ya tashi a watan Janairun 1923. Ƙananan jairofilen na yau fiffike biyu ne a ɗaure kan sandar tsakiya, sandar kuma na rataye da kusa guda ɗaya tana lilo kamar sikelin 'yan kasuwa. Ni kusar lilo nike ce mata. Duk nauyin jirgi da na mutum a kanta shike. Masu sayen kit, wato kayan jirgi da ake saye a kwance a haɗa a gida, su ma suna kuskure a nan, su ƙulle notin har farfelar ta kasa lilo da hannu, ko su bar shi sako-sako sandar na zamewa hagu da dama. A ɗaure daidai yadda littafin masu ƙera farfelar ya ce, a sa fin ɗin kulle sabo, a taɓa bakin fiffike da yatsa a ga ya sauka ya hau ba cijewa, kuma a riƙa sa giris kan lokaci.

Yanzu bari in daɗe kan maganar ƙarfe don nan ne zuciyata ta fi tsinkewa. Ɗauki farfela mai faɗin mita 8.4 irin ta jiragen mutum biyu, tana juyi 350 a minti. Bakin fiffiken na gudun da ya wuce kilomita 500 a awa. Idan fiffike ɗaya ya kai kilo 12, ƙarfin da ke fizgarshi waje ya haura tan 3 da rabi, kamar ka rataya buhun siminti 70 ne a kan 'yan kusoshin da sunka riƙe gindinshi, kuma ba a tsaye cik ba, ana lanƙwasa shi ana saki sau ɗaruruwa kowane minti. To a nan ne yaronmu ya yi wa alminiyom walda. Waldar ta yi kyau a ido, ban ƙi ba, hannunshi ya faɗa. Amma alminiyom irin 6061-T6 da ake yawan aiki da shi ƙarfinshi daga gashin da anka yi mishi a masana'anta ne, da wutar walda ta taɓa shi wurin na iya rasa kusan rabin ƙarfin, kuma ba za ka gani ba sai ranar da ya rabu. Sandar tsakiya da gindin fiffike ba a yi musu walda, ba a miƙe su da guduma, ba a gasa su. Faifan tagogi da kwanon rufi kuma ba kayan fiffike ba ne ko kaɗan. Wani zai ce to ai Igor Bensen a Amurka tun shekarun 1950 ya sayar wa mutane zane suna yin fikafikan katako a gida. Gaskiya ne, amma zane ne da anka gwada, da irin katakon da irin gam ɗin da ƙarfen ciki duk a rubuce, har da nauyin da ake sawa a gaban fiffike don ma'auninshi ya faɗo wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinshi daga gaba. Fiffiken da nauyinshi ya koma baya shina fara murɗewa da kaɗawa da kanshi idan ya ɗau gudu, babu hannun da zai tsai da shi. Ra'ayina a fili, ka ƙera firam, ka ƙera kujera, amma farfela ka tara kuɗi ka saya daga masu yin ta, ko da za ta fi sauran jirgin duka tsada.

Sai kusoshi da noti. An saba a shiga kasuwar kayan gyara a ce a ba ni mai lamba kaza mai ƙarfi, a kawo a ɗaura. Na jirgi daban ne, irin waɗanda ake kira AN, kuma tsawonsu ma da lissafi, santsin jikin kusar ne ya kamata ya zauna cikin rami, ba zaren ba, don zare a cikin rami shina cin bangon ramin kuma daga nan tsaga ke farawa. Idan kusa ta ƙi shiga kada ka buga ta, kada kuma ka sa diril ka faɗaɗa ramin, a'a ka sassauta sauran ka daidaita fiffiken har ta shige da hannu. Noti mai roba a ciki kada a maimaita shi a farfela, fin da wayar kulle ma haka, duk sanda anka kwance a sa sabo. Kuma don Allah a bar ɗauri da ƙarfin damtse, sufana mai ma'auni ake sawa, idan littafi ya ce a busasshe to kada a shafa mai a zaren don mai na sa ɗaurin ya wuce kima alhali sufanar na nuna daidai. Bayan an gama a ja layin fenti daga noti zuwa jikin ƙarfe, gobe idan layin ya rabu ka san ya motsa. Wani ƙaramin abu, kada a yi alama da fensir a jikin alminiyom, baƙin fensir na jawo mishi ci, a yi da maka.

Fikafikan nan biyu tagwaye ne, tare anka auna su a masana'anta da lambarsu, ba a ɗauko ɗaya daga wani saiti a haɗa. Wajen ɗaurawa a shimfiɗa su kan jakuna masu laushi, a ja zare daga bakin wannan zuwa bakin wancan, zaren ya ratsa daidai tsakiyar sandar, idan ya kauce a gyara kafin a ƙulle. Mutane na raina wanga mataki don ya yi kama da aikin magina. Haka ma nauyi, giram 10 kacal da ya ƙaru a bakin fiffike ɗaya, a gudun da na faɗa ɗazu, shina zama fizgar kusan kilo 6 tana zagayawa. Ke nan fentin da ka ƙara wa ɗaya don kwalliya ma ya isa.

Idan sandar tuƙi ta fara girgiza sai ka ga an rikice, a taɓa nan a taɓa can rana ɗaya har a rasa mi ya gyaru mi ya ɓaci. Girgiza iri biyu ce. Wadda ke zuwa sau ɗaya a kowane juyi yawanci nauyi ne bai daidaita ba, ko zaren nan bai ratsa tsakiya ba, ko fiffike ɗaya na bin hanya sama da ɗan uwanshi. A shafa wa bakunan launi daban daban, a ɗauka da waya daga nesa a rage gudun bidiyon, za a ga wanda ke sama. Wadda ke zuwa sau biyu kuwa halin farfela mai fiffike biyu ce, ba ta ɓacewa duka, amma idan ta yi yawa a duba tazarar da ke tsakanin kusar lilo da sandar tsakiya, ko nauyin da anka ɗora wa jirgin. Abu ɗaya ake canzawa, a rubuta, a gwada, sannan a taɓa na gaba.

Mu kuma nan Sakkwato muna da namu na daban da littafin Turawa bai cika damuwa da su ba. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da giris ta zama kamar sanfefa a cikin boris, don haka a goge tsohon da ya fito kafin a ƙara sabo, a rufe kan farfelar da ƙyalle. Ƙura da matattun ƙwari a gaban fiffike na rage mishi aiki, a wanke da ruwa da sabulu mai laushi, ban da sabulun soda don soda na cin alminiyom. Zanzaro ma abokin gaba ne, ya samu 'yar kafa a bakin fiffike ya cika ta da laka cikin kwana biyu, ka dawo maganar giram 10 ke nan, a leƙa kowace kafa kafin a juya. Fikafikan faiba kada a bar su suna gasuwa a ranar Afrilu, a sa su inuwa, lokaci lokaci a ƙwanƙwasa da kwabo a saurara, inda sautin ya mutu to ciki ya ɗaye. Kuma iskar farkon damina kun san ta, ba ta sallama, farfelar da ba a ɗaure da igiya ba za ta yi ta dukan matsayarta har wani abu ya lanƙwashe.

Zafi na da wani sharrin. Garinmu tudunshi wajen mita 300 ne, amma ranar da zafi ya kai 42 iska ta yi sirantar da jirgi zai ji kamar shina saman Jos, inji ya rage ƙarfi, hanyar tashi ta ƙara tsawo. A nan mai gaggawa ke faɗawa kuskuren da ya fi kowane cinye farfela, ya ba inji wuta alhali farfelar ba ta kai gudunta ba. Iska ta yi mata yawa, fiffike ɗaya ya yi sama ɗayan ya yi ƙasa ya sare wutsiya ko farfelar baya, jirgin ya kwanta. Dole a sa agogon da ke nuna juyin farfela, a tada ta har lambar da littafi ya ce, a mafi yawan na zamani wajen 200 ne, a ƙara gudu a hankali ana kallon allurar na hawa. Da ka ji sandar tuƙi na bugun hannunka ka janye wuta nan take ka tura sandar gaba.

Fiffiken da ya taɓa ƙasa ko icce shina juyi ya gama aiki, shi da sandar tsakiya da kusoshin, ko da ido bai ga komi ba. Na san da ciwo, kuɗi ne masu yawa. Tsaga kuma ta fi son gefen ramukan kusa, sai an kwance an wanke an duba da madubin ƙara girma ko da ruwan jan launi mai fito da tsaga. A ajiye littafi a rubuta kowace awa da ta juya, don masu yin ta kan yanka mata iyakar awanni, idan ta cika a sauke ko tana sheƙi.

Na gaya wa yaron maganar izini ma, tashi da jirgi ko wane iri sai da yardar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, balle yadda tsaro shike a yankinmu ga kuma filin jirgin Sultan Abubakar III kusa, kuma ba a koyon tuƙin jairofilen daga bidiyo, sai da malami a kujerar baya. Idan gyaran jirage ne a ranshi ga kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya nan tun 1964. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ɗauko sufana munka sauke farfelar tare kafin magariba, munka jingine ta a bango. Jiya ya turo mini hoton ma'aunin kusurwa da ya saya, shina tambaya ta ina ake fara sa shi a sifili.