Kurakuran da mutanenmu ke yi idan sun je kallon harba roka

Mutum na uku ke nan a cikin abokan aikinmu na Samaru da ya je taro Orlando, ya leƙa Cibiyar Kennedy inda Amurka ke harba rokokinta, ya dawo yana ce mini, "Malam, ai ba wani abu a wurin, tsofaffin ƙarafa ne da zafin rana." Duk wanda ya faɗa mini haka tambaya biyu nake yi masa: kwana nawa ka ware, kuma ƙarfe nawa ka isa ƙofa? Amsar ba ta taɓa canzawa ba. Na gaji da maimaita maganar a bakin masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure, wanda ni ma ya ci ni, shi ne ɗaukar ranar da aka sanar a matsayin alkawari. Zuwana na farko na ga an sa harbi ranar Alhamis da yamma, jirgina na dawowa kuwa Juma'a da safe. Na yi hayar mota, na yi tafiyar kusan sa'a ɗaya daga Orlando zuwa gaɓar teku, na tsaya cikin rana tun azahar. Saura 'yan mintoci hadari ya taso daga yamma, aka ce an fasa sai jibi. Harbin nan a waya na kalle shi, ina zaune a falona a Zariya, kuɗin mota da na masauki sun tafi. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu, domin sau ɗaya kawai nake buƙatar wani ya ce mini in sa ziyarar a farkon tafiya, ba a ƙarshenta ba.

Ba wulaƙanci ne ke sa su fasa ba. Fulorida, jihar da cibiyar take, ƙasar tsawa ce, musamman daga Yuni zuwa Satumba, kuma roka tana iya jawo wa kanta aradu idan ta ratsa gajimare mai kauri. A Nuwamban 1969 tsawa ta faɗa wa kumbon Apollo 12 mai zuwa wata sau biyu tun bai cika minti ɗaya da tashi ba. Ban da wannan akwai iskar can sama wadda kai a ƙasa ba ka jin ta, akwai yoyon mai, akwai jirgin ruwan da zai kutsa yankin da aka hana shiga. Idan kuma tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa aka nufa, sau da yawa lokacin tashi ƙayyadadde ne, ya wuce ya wuce sai wata rana. Dubi harbin farko na Artemis, shirin Amurka na komawa wata: an shirya shi 29 ga Agusta 2022 aka fasa, 3 ga Satumba aka sake fasawa saboda yoyo, guguwa ta sa aka mayar da rokar ɗaki, bai tashi ba sai 16 ga Nuwamba, cikin tsakar dare. Ni yanzu kwana uku nake warewa, in kwana a Titusville, garin da ke kusa da cibiyar, maimakon Orlando, kuma ina karanta sharuɗɗan tikitin kallo kafin in biya, in ga me ya ce idan an fasa. Ka kuma lura da agogo. Fulorida tana bayanmu da sa'a 5 a lokacin zafinsu, sa'a 6 a lokacin sanyi, ga shi wasu shafukan da agogon duniya suke rubuta lokacin, wanda ke bayan namu da sa'a 1.

Na biyu shi ne makara. Mu kan ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, to a nan kuɗinka ba zai dawo maka da motar da ta tafi ba. Abu mafi girma a wurin, rokar Saturn V, ba ta cikin harabar da ake shiga da ƙafa. Sai an hau bas ɗin cibiyar zuwa wani gini na daban, kuma bas ɗin ƙarshe yana tashi tun da sauran sa'o'i kafin a rufe. Abokin namu da ya ce tsofaffin ƙarafa ne, bayan azahar ya isa, ya tsaya ɗaukar hoto a lambun rokoki na bakin ƙofa, ya ci abinci, ya zaga shagon tsaraba. Ya dawo Najeriya bai ga rokar da ta kai mutum wata ba. Tsawonta mita 111, ta fi filin ƙwallo, an kwantar da ita a sama kana tafiya a ƙarƙashinta, injina biyar na gindinta kowanne mutum zai tsaya a bakinsa har da saura. Irinta ce ta ɗaga Neil Armstrong da abokansa biyu ranar 16 ga Yuli 1969. A ginin akwai ɗan guntun dutsen wata da aka yarda ka taɓa da yatsa. A hanya kuma bas yana wucewa ta kusa da ginin haɗa rokoki, mai tsayin mita 160. Wasu za su ce ka fara da kumbon Atlantis, wanda ya je sama sau 33 kafin a yi masa ritaya a 2011. Ni ban yarda ba. Atlantis yana nan cikin haraba har yamma, bas kuwa ba ya jira. Ana buɗe ƙofa nake miƙewa layin bas.

Yanzu bari in yi faɗa. Don Allah me ya sa za ka baro Zariya, ka sha wahalar biza, ka kwana a jirgi, sannan lokacin da wuta ta tashi ka kafe idonka a fuskar waya? Na ga wani ɗan'uwanmu ya juya wa rokar baya ɗungurum yana ɗaukar kansa yana gaida mutanen gida. Hoton da za ka samu ɗigon haske ne kawai, ga na ƙwararru cike da intanet kyauta. Abin da waya ba ta ɗauka shi ne ƙarar. Sauti yana cin kusan daƙiƙa 3 a kowace kilomita, saboda haka daga Titusville za ka ga rokar ta tashi shiru, kamar ba komai, sai bayan kusan minti ɗaya rugugin ya iso, ka ji shi a ƙirjinka. Mutanenmu a daidai wannan shirun suke fara surutu. Idan kuma irin rokar kamfanin SpaceX ce da gindinta zai dawo ya sauka a tudu, kada ka ruga mota: kimanin minti 8 bayan tashi yake saukowa, da ƙara kamar ta bindigogin 'yan bindigar Sarki ranar hawan Sallah.

Ƙananan kuwa ga su. Kada ka gangara bakin kududdufi don alwala, wurin gandun namun daji ne kuma kadoji na ciki, ka yi a banɗaki ka tafi da 'yar darduma. 'Yar wuƙar yanka goro ka bar ta a masauki, ana binciken jaka a ƙofa. Ka tambayi abin da ke cikin abinci, ni dabino da ruwa nake riƙewa. Ba acaba ba Keke a can, ka san motar da za ta mayar da kai tun kafin ka fito, domin ranar harbi hanya cushewa take yi. Kuma kada ka raina ranarsu don ka saba da ta Afrilu a Zariya, tasu da gumi take zuwa.

Akwai ɗaki a ƙasan ginin Atlantis da akasari ake wucewa da sauri, na tunawa da 'yan sama jannati 14 da suka rasu a kumbon Challenger a 1986 da Columbia a 2003. An ajiye kayansu da ɓaraguzan kumbunan biyu. Ka rage murya a nan, ka tsaya.

Wani ɗalibina da zai tafi ya ce mini, "Ranka ya daɗe, mu me ya haɗa mu da wurin nan?" Na ce masa idan ya gama da Saturn V ya fita waje ta bakin ruwa, zai hango dandamalin harbi mai lamba 39A. Daga nan Apollo 11, kumbon su Armstrong, ya tashi. Daga nan kuma, ranar 3 ga Yuni 2017, roka ta ɗauki wani ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam mai suna NigeriaEduSat-1, wanda jami'ar fasaha ta Akure ke da hannu a ƙera shi. Na ce ya samu benci ya zauna ya dube shi da kyau, wayarsa na aljihu.