Tara tsofaffin kayan adon Halowin: yadda ake gane na asali, a kuma adana shi

Kayan adon bikin Halowin, wanda Amurkawa ke yi a daren 31 ga Oktoba, ba a ƙera su don su daɗe ba. Na Kirsimeti akan naɗe su a ajiye har wata shekarar, amma baƙar kyanwar kwali da mayya bisa tsintsiya da fitilar kabewa ta takarda, aikin dare ɗaya ne: a kafa su a bango, a kunna kyandir a cikinsu, gari ya waye a share a zubar. Shi ya sa abin da ya tsira daga 1900 zuwa shekarun 1950 ya yi ƙaranci, kuma duk inda kaya suka yi ƙaranci suka yi tsada, masu jabu ba sa nisa. Don haka kafin ka fitar da ko dala ɗaya, ka koyi karanta abin da ke hannunka. Takardarsa da bugunsa da tambarinsa da irin tsufan da ya yi sun fi bakin dillali gaskiya.

Ka fara da fanni ɗaya. Katunan gidan waya su ne mafi sauƙi ga sabon shiga, domin da yawansu suna ɗauke da sunan kamfani da hatimin ranar aikawa. Kwalayen da aka yanka bisa siffa suna biye musu. Kwanonin alewa na Jamus kuwa, wato 'yan siffofi masu rami a ciki da ake zuba alewa, a bar su sai ido ya buɗe, don nan jabu ya fi yawa.

Masu ƙerawa

Sunaye kaɗan ne za ka yi ta cin karo da su. Dennison, a garin Framingham na jihar Massachusetts, shi ne gwanin takarda mai tamoji da ƙananan hotunan mannawa da ake sayarwa cikin 'yan akwatuna. Ya fitar da ɗan littafinsa na shirya walima, Bogie Book, a 1909, sannan ya ci gaba daga 1912 kusan kowace shekara har cikin shekarun 1920. Amfanin littafin ga mai bincike babba ne, domin yana nuna kayan kamfanin na wannan shekarar. Idan ka ga wata mujiya a fitowar 1922 ba ka gan ta a waɗanda suka gabace ta ba, ka samu inda za ka fara lissafi.

Beistle kuwa, Martin Luther Beistle ne ya kafa shi a Pittsburgh a 1900, daga baya ya koma Shippensburg a jihar Pennsylvania, kuma har yau yana aiki. An san shi da takarda mai buɗewa kamar saƙar zuma da kwarangwal mai gaɓoɓi masu motsi. Yawancin kwalayensa na shekarun 1940 da 1950 suna ɗauke da sunan H. E. Luhrs, surukin mai kamfanin, don haka kada sunan ya sa ka ɗauka wani kamfani ne daban. Abin lura shi ne kamfanin da kansa ya sake buga tsofaffin zanensa. Waɗannan ba jabu ba ne, sababbi ne kawai, amma akwai mai yanke sabon tambarin ya sayar da su da sunan tsoho.

Jamusawa ba su yin wannan biki a wancan zamani, amma su suka ƙera mafi kyawun kayansa don kasuwar Amurka, musamman tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Kwalinsu mai kauri ne, an danna shi da ƙarfe har siffar ta taso, kana shafawa ka ji kumatun kyanwar da haƙoran kabewar a yatsanka.

Gano shekara

A katin gidan waya, juya bayansa kafin ka kalli hoton. Kafin 1 ga Maris 1907, dokar Amurka ta ce bayan kati na adireshi ne kaɗai. Idan ka ga layin da ya raba baya biyu, gefen saƙo da gefen adireshi, katin daga 1907 ne ko bayanta. Hatimin gidan waya yana nuna ranar aikawa ne, ba ranar bugawa ba, kati kan yi shekaru a kanti. Kan sarkin da ke jiki ma shaida ne: a wancan zamani kuɗin aikawa santi 1 ne, sai tsakanin Nuwamba 1917 da ƙarshen Yuni 1919 da aka mai da shi santi 2 saboda yaƙi, da kuma daga Afrilu 1925 zuwa ƙarshen Yuni 1928 da ya sake zama santi 2. Katunan da John Winsch ya buga suna da sunansa da shekara a ƙasan hoton, daga 1911 zuwa 1915, kuma waɗanda Samuel Schmucker ya zana masa su ne aka fi nema. Ellen Clapsaddle takan sa hannu a nata zanen na yara. Raphael Tuck na Landan da Whitney na Worcester su ma sun buga da yawa. Faɗinsu kusan duka inci 3.5 ne, tsawo inci 5.5.

Tambarin ƙasa yana taimakawa, tun da dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta ƙasar da aka yi kayan shigowa. "Germany" ko "Made in Germany" a kan irin waɗannan kaya galibi na kafin yaƙin duniya na biyu ne. "U.S. Zone Germany" na 'yan shekarun bayan 1945 ne, "West Germany" daga 1949, "Occupied Japan" kuwa daga 1947 zuwa 1952. Rashin tambari ba hujja ba ce ta jabu, don sau da yawa a kan kunshin aka buga shi, kunshin kuwa ya daɗe da shiga shara. Samun tambarin ma ba hujja ba ce ta gaskiya, hatimin roba ba shi da wuyar sassaƙawa.

Adireshin kamfanin Amurka da ke jikin kaya shi ma agogo ne. Lamba ɗaya ko biyu tsakanin sunan birni da jiha ta fara ne a 1943, lambar gidan waya mai alƙaluma 5 a 1963, zanen layukan farashi da na'ura ke karantawa kuwa a 1974. Abin da ke da lamba 5 ba zai zama na shekarun 1930 ba, ko wa ya rantse.

Gwaji a hannu

Kayan aiki uku sun isa: gilashin ƙara girma mai ninki 10, tocila mai hasken shuɗi irin na duba jabun kuɗi, da rula mai milimita.

Sa gilashin a kan fuskar da ke hoton, wajen kumatu, inda launi ke sauyawa a hankali. Tsohon bugu, wanda ake yi da faifan dutse, yana nuna ɗigo-ɗigo marasa tsari, manya da ƙanana, kowane launi an buga shi daban, har wani lokaci ja yakan ɗan zarce bakin layin baƙi. Bugun zamani mai launi huɗu yana nuna ɗigo a jere, suna haɗuwa su yi 'yan da'irori iri ɗaya. Firintar gida kuwa feshi ne mai laushi ko tawada mai ƙyalli da ta zauna a saman takarda. Sai ka bi karaya da yatsa. Mai kwafi yakan ɗauki hoton tsohon kati da duk lanƙwasarsa, sai ka ga layin karaya a ido amma yatsa bai ji komai ba. Haka nan kati mai tasowa dole bayansa ya lotsa daidai inda gabansa ya taso. Idan gaba na nuna inuwar tasowa baya kuma sumul, kwafi ne.

Tocilar a ɗaki mai duhu ake amfani da ita. Daga wajen 1950 masana'antu suka fara zuba sinadarin ƙara fari a takarda, kuma shi ne ke walƙiya fari-shuɗi a ƙarƙashin wannan haske. Tsohuwar takarda dusu-dusu take zama. Idan abin da aka ce na 1920 ne ya haska gaba ɗaya, magana ta ƙare. Idan wuri guda ne ya haska, gyara ne ko sabon gam. Amma rashin haskawa ba ya wanke kaya, mai wayo yakan nemi tsohuwar takarda ya buga a kai.

Tsufan gaskiya ba ya raba daidai. Yana cin wuraren da hannu ke taɓawa da waɗanda suka taso: hanci, kunnuwa, kusurwa, hudar allura a sama inda aka rataye. Abin da aka jiƙa da shayi ko kofi launinsa ɗaya ne ko'ina, har cikin lungun da ƙura ba ta isa. Wannan ya fi muhimmanci ga kwanonin alewa na Jamus, waɗanda aka zuba da haɗin dusar takarda da gam da alli, domin tun shekarun 1990 sababbi suke fitowa da dattin da aka shafa musu da gangan. Cire kan ko murfin gindin ka leƙa ciki, a nan mai jabu ya fi yin sakaci.

Fitilun kabewa na Amurka na shekarun 1930 zuwa 1950 da dusar takarda aka yi su, irin ta kwalin ƙwai. Idanu da bakin wata siririyar takarda ce da aka manna daga ciki, kuma ita wuta ke fara ci. Shi ya sa yawancin da ke kasuwa an sauya musu ita. Sauyin ba laifi ba ne idan an faɗa, amma yana rage daraja, don haka ka tambaya kai tsaye, ka nemi hoton ciki. Baƙin hayaƙi da ɗigon kakin kyandir alama ce mai kyau.

Wajen farashi, kada ka dubi abin da masu sayarwa ke nema. Dubi abin da aka riga aka sayar a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, da gidajen gwanjo, ka kwatanta lafiyar kayan. Tsofaffin kasidun 'yan sari irin na Butler Brothers da tallan jaridun lokacin suna ba da girma da shekara, kuma kwafi yakan bambanta da na asali da 'yan milimita. Kowane abu ka saya, rubuta awonsa, tambarinsa, aibinsa da inda ya fito, ka ɗauki hoton gaba da baya.

Adanawa

Haske ne babban abokin gaba, kuma launin lemo da ja su ke fara koɗewa, ga shi su ne ran waɗannan kaya. Abin da ya koɗe ba ya dawowa. Ka fito da su makonni kaɗan, nesa da taga, sauran shekara su zauna a duhu. Zafin ɗaki ya tsaya wajen digiri 18 zuwa 21, danshi kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Idan danshi ya haura kashi 65, fumfuna da jajayen tabo za su fito, ƙwari masu cin gam su biyo. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da saman silin duka ba su dace ba, saboda zafi da danshinsu hawa da sauka suke yi.

Kowane kati ya samu rigarsa ta leda marar sinadari, irin ta foliyesta ko folifurofilin. A guji ledar PVC, tana fitar da maiƙon da ke ɗaga tawada. Kwalaye a kwantar da su cikin akwati marar asid, da takarda marar asid tsakanin kowane biyu. Takarda mai tamoji rininta ba ya riƙe ruwa, ɗigo ɗaya zai sa baƙi ya malala cikin lemo, don haka a ware launukan. Mai saƙar zuma a buɗe ta a hankali, inda ta tirje a tsaya, kuma a ajiye ta a rufe.

Salatif da laminatin haramun ne a wannan aiki. Gam ɗin salatif yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita, kuma tsohon da ka tarar a jiki kada ka ɓanɓare shi, zai tafi da fentin. Yagewa ana liƙe ta ne ta bayan takardar da siririyar takardar Japan da kokon sitacin alkama, abu mai daraja kuwa a kai wa ƙwararren mai gyaran takarda. Shara da buroshi mai laushi kawai, ruwa ba ya taɓa kwanon alewa ko fitila, yana narkar da fenti ya tausasa jikin.

Kacau-kacau na gwangwani irin na Kirchhof da Chein a ajiye su daban a wuri busasshe, tsatsarsu tana ɓata takarda, kuma tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, kada a bar yara su sa a baki. 'Yan tsanan seluloyid, wata tsohuwar roba, suna kama wuta nan take, kuma idan sun fara ruɓewa suna fitar da iska mai asid, saboda haka ba sa kwana akwati ɗaya da takarda. Fitila kuwa kada a sake kunna mata kyandir. Ƙaramin ƙwan LED mai batir ya isa, a cire batirin kafin a mayar da ita akwati, don idan ya yi yoyo zai cinye gindin.