Yadda Ake Rubuta Gajeren Ra'ayi a Kan Faifan Rok da Metal

A wata fada da ke unguwar Zariya a nan Maraɗi, bayan sallar isha'i, wani ƙanena ya miƙo mini wayarsa yayin da shayin farko yake tafasa a kan gawayi, ya ce, "Yaya, saurari wannan ka faɗa mini ra'ayinka." Faifan metal ne, wato reshe mai nauyin amo na rok, kiɗan nan na jitar lantarki da ganga, kuma kafin in buɗe baki sai wanda ke zaune kusa da ni ya ce hayaniya ce kawai, alhali ko minti guda bai saurara ba. Wannan hukunci ya dame ni, domin daidai yake da wanda ya ji kalangu daga nesa ya ce bugu ne kurum, bai tsaya ya ji abin da kalangun yake faɗa ba. Gajeren ra'ayi yana da amfani ne idan mai shi ya faɗi abin da kunnensa ya ji da kuma wurin da ya ji shi.

Aikin yana farawa ne da sauraron faifan gaba ɗaya, daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, bisa jerin da mawaƙan suka tsara. Faifan rok na shekarun 1970 yakan ɗauki kimanin minti 40, an kuma raba shi fuska biyu, saboda haka waƙar da ta buɗe shi da wadda ta rufe shi ba a banza aka ajiye su ba. Kada ka dogara da lasifikar waya, domin tana haɗiye amon jitar bas mai kaurin sauti, wadda ita ce ƙashin bayan wannan kiɗa. Ka nemi abin saurare na kunne, ka keɓe lokacin da ƙarar babura ta lafa, ka saurara sau uku: na farko ba tare da rubutu ba, na biyu da biro a hannu kana rubuta lambar waƙa da mintin da wani abu ya ja hankalinka, na uku kuma kana bin kayan kiɗa guda ɗaya tak, ko ganga ko jita ko murya.

A kiɗan metal abin da ya fi cancantar kulawa shi ne ɗan gajeren karin da jita take maimaitawa, wanda a kansa ake gina waƙar baki ɗaya, kamar yadda amshi yake riƙe waƙar gargajiya. Ka tambayi kanka ko karin ya zauna maka a kai bayan an gama, ko gangar tana tafiya tare da shi, ko kuma muryar ta fito fili ba ta nutse ba. Sanin ɗan tarihi yana gyara kunne. Ƙungiyar Black Sabbath, wadda aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1968, tana cikin waɗanda suka aza harsashin wannan salo, kuma makaɗin jitarta Tony Iommi ya rasa kan yatsunsa biyu a masana'antar ƙarfe tun yana ɗan shekara 17. A faifansu na 1971 ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa don rage wa yatsun zafi, sai amon ya ƙara kauri da nauyi. Wanda ya san wannan ba zai kira kaurin hayaniya ba.

Mu a Nijar muna da abin kwatance a kusa, tunda Bombino na Agadas da Mdou Moctar na jihar Tawa sun kai jitar lantarki ta Abzinawa har dandalin rok na Turai da Amurka. Idan ka ce jitar wani bature ta fi ta Mdou Moctar nauyi amma ba ta kai ta gudu ba, mai karatu a Maraɗi ya fahimce ka nan take.

Mawaƙin da yake tsara waƙarsa ya rera ta da kansa, sau da yawa da jita guda, ma'auninsa daban ne, domin a wurinsa baiti ne jari. Mun san irin wannan tun daga marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda yake tsayawa shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ba tare da ƴan amshi ba, magana ce take ɗaukar nauyin komai. Haka mawaƙin Amurka Bob Dylan, wanda baitocinsa suka sa aka ba shi lambar Nobel ta adabi a 2016. Yawancinmu a nan Faransanci muka karanta a makaranta, saboda haka idan waƙar ta Ingilishi ce, ka nemi baitocin a rubuce ko fassararsu kafin ka yanke hukunci. Idan ba ka samu ba, ka bayyana a fili cewa murya da kiɗa kaɗai ka auna. Haka kuma idan baitocin sun ƙunshi batsa ko abin da ya saɓa wa addini, hakkin mai karatu ne a kanka ka sanar da shi.

Rubutun kansa kada ya wuce jimla huɗu ko biyar. Ka ambaci mawaƙi da faifai da shekara, ka nuna wuri guda da ya burge ka, ka nuna wuri guda da ya gaza idan akwai, sannan ka faɗi wanda faifan zai yi wa daɗi. Kalmomi irin su "ya haɗu" ko "babu kamarsa" ba su gaya wa kowa komai, kuma maki bisa goma ba ya tsayawa a madadin dalili. Ga yadda na rubuta wa ƙanen nan nawa washegari, bayan na saurari faifan sau uku:

"Paranoid na Black Sabbath, 1970, waƙoƙi takwas. Ta farko tana buɗewa da jiniya da jita mai tafiyar hawainiya, ta kusa kai minti takwas amma ban ƙosa ba. Ta uku ta ba ni mamaki, domin an ajiye nauyin an koma ga gangar hannu da murya mai sanyi. Ta bakwai ba ta da baiti, kuma a ganina bugun gangar ya yi tsawo. Wanda yake son jitar Abzinawa kuma yana neman amo mai kauri, ya fara da wannan."

Kafin ka tura wa kowa, ka bar rubutun ya kwana, ka sake sauraron waƙar da ka kushe, ka tabbatar da shekarar faifan da rubutun sunan mawaƙin, sannan ka sake shi.