Kurakuran da direbobin motar lantarki suka fi yi da na'urar daidaita gudu a Legas

Na'urar daidaita gudu tana riƙe mota a kan gudun da direba ya zaɓa, tana kuma auna tazarar motar da ke gaba da rada (na'urar gano nisan abu) da kyamara. Tana iya sa cajin batir ya daɗe bai ƙare ba, amma sai idan an saita ta da hankali.

Abin da ya fi cin batir shi ne kafa gudu mai yawa. Direba zai hau titin Legas zuwa Ibadan, ya ga hanya fayau, sai ya kafa ta a kilomita 120 cikin awa, alhali turjiyar iska a wannan gudu ta fi ta kilomita 100 da kashi 44 cikin ɗari. A sauko zuwa 90 ko 100.

Matse tazara ya fi wuyar gyara, domin duk wanda ya san Legas ya san cewa da zarar ka bar fili a gabanka danfo, wato bas ɗin haya, zai cusa kai. Saboda haka mutane suke zaɓar tazara mafi ƙanƙanta, motar kuma ta yi ta taka birki tana sake fizga. Wasu na ganin babu asara tunda birkin motar lantarki yana mayar da wuta cikin batir, amma wani kaso kawai yake dawowa, kuma idan tsayawar ta zo da ƙarfi birkin taya ne ke karɓar aikin, ƙarfin ya tafi a zafi. A buɗaɗɗen titi a zaɓi tazara matsakaiciya ko mai tsawo. A cunkoson Oshodi ko Mile 12 kuwa, a ganina gara a kashe na'urar, direba ya tuƙa da ƙafarsa.

Haka kuma, idan gosulo ya saki, kada a yi saurin danna maɓallin komawa tsohon gudu, domin motar za ta zabura ta cimma shi. A ƙara gudu a hankali, sannan a saita sabo.

Da damina taɓo yakan rufe radar da ke jikin bamba, don haka a goge ta, a goge gilashin gaba ma, kafin a tashi. Abin da ya fi damuna shi ne masu sakin jiki a kan gadar Third Mainland, domin na'urar ba koyaushe take gane motar da ta lalace ta tsaya cak a tsakiyar layi ba, musamman cikin ruwan sama mai ƙarfi. A can dole ƙafa ta kasance kusa da birki, ido kuma a kan hanya.